Zanen tsagar kankare da fensir, yadda aikin ke tafiya

4 ga Fabrairu

Abin da nake so in fitar a wannan karon wani yanki ne na tsohon bangon kankare, irin wanda aka zuba cikin katako aka kwance aka bar shi haka ba filasta ba fenti, a takarda A3, da fensir da ɗan gawayi kawai. Tsarin da na yanke shi ne kusurwar taga ta leƙo daga sama ta hagu, babbar tsaga ta taso daga wannan kusurwar ta gangaro a karkace zuwa dama, can ƙasa kuma wani waje da kankaren ya ɓantare rodi ya fito fili da tsatsarsa. A3 milimita 297 ne a 420, to zan zana komai daidai girmansa na zahiri, tsakuwa mai milimita 20 ta fito a 20, rodi mai 12 ya fito a 12, ba ragi ba ƙari, don da ka fara ragewa ido ba ya gane girman abin da yake kallo.

Kayan aiki: fensir 2H, HB, 2B, 6B (daga mai tauri mara duhu zuwa mai laushi mai duhu), fensirin latsawa mai bakin 0.3, fensirin gawayi, kilina mai laushi wadda ake murɗawa da yatsa, kilina mai tauri da zan riƙa yanka da reza, sanfefa, auduga, tsohon buroshin haƙori, sai biron da tawadarsa ta ƙare. Yau dai na manna takarda a allo na ja iyaka, shi ke nan.

7 ga Fabrairu

Na fita da waya ina ɗaukar duk tsagar da na ci karo da ita, ta daɓe, ta bango, ta gefen kwalbati. Shawara ga mai son yin irin wannan, kar ka ɗauka da rana tsaka haske na dukan bangon gaba da gaba, komai zai kwanta ya zama layi baƙi kawai, ka bari sai yamma ko ka kunna tocila ka kwantar da ita a jikin bangon hasken ya shafo shi ta gefe, nan za ka ga ashe gaɓa ɗaya ta fi ɗaya tudu, ga ƙananan ɓantare a baki, ga ƙura ta cika wani wajen har ya yi fari maimakon baƙi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a hotunan shi ne inda tsaga biyu suka haɗu. Galibin zanen da nake gani mutane na yi, reshe ne ke fita daga reshe a tsuke kamar walƙiya, to a kankare irin wannan kaɗan ne, abin da ya fi yawa sabuwar tsaga ce ta taho ta lanƙwasa ta doki tsohuwar a tsaye cak, digiri 90, kamar harafin T, kuma ta tsaya nan ba ta tsallake. Ka duba taɓon da ya bushe ma haka za ka gani. Dalilin kuwa, inda tsohuwar tsaga ta riga ta buɗe ta sauke jan da ke ƙetare ta, saura jan da ke bin tsawonta, ita kuma tsaga kullum tana buɗewa ne a gicciye da inda ake ja, dole sabuwar ta juyo ta fuskance ta. Wannan ma yana gaya maka wacce ta girmi wacce, wadda ta miƙe ita ce babba, wadda ta tsaya a jikinta ita ce ta zo daga baya. Haka zan bi wajen zanawa, babbar tukuna, sannan 'ya'yanta.

11 ga Fabrairu

Kwanakin nan karatu na fi yi a kan zane, kuma gaskiya ni a ganina nan ne rabin aikin yake, tsaga ba ado ba ce da za ka watsa inda ka ga fili a takarda, kowacce da dalilinta, in ka zana ta inda babu dalilin da zai sa ta fito, ko wanda bai san gini ba zai ji wani abu bai zauna ba ko da ya kasa faɗin mene ne.

Kankare gwani ne wajen ɗaukar danni, amma a ja rago ne, ƙarfinsa a ja wajen kashi ɗaya cikin goma ne na ƙarfinsa a danni, shi ya sa ake sa masa rodi ya riƙe jan. To duk inda ka ga ya tsage, ja ne ya fi ƙarfinsa a wajen. Akwai wadda ke fitowa tun cikin awannin farko da zubawa, sama ta bushe da sauri saboda iska ko zafi ƙasa na nan da danshi, irin wannan gajeru ne, jere da juna, ba zurfi sosai, kuma sau da yawa ba sa kaiwa bakin daɓen. Akwai ta ƙanƙancewa a hankali cikin watanni yayin da ruwan ciki ke fita, ita ce ake yanka wa layi da gangan a daɓe, zurfin wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa, don in za ta tsage ta tsage a cikin layin ba a tsakiyar fili ba. Akwai ta nauyi, a bim, wato dogon kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai, za ka ganta a ƙasan tsakiya tana hawa sama a tsaye, ta fi faɗi a ƙasa tana tsukewa tana hawa, kusa da ginshiƙi kuma sai ta karkace wajen digiri 45. Akwai ta tsatsa mai bin layin rodi tiryan-tiryan. Sai wata mai kama da taswira da ke fitowa in sinadarin siminti ya yi faɗa da wasu irin duwatsu ya haifar da wani abu mai yauƙi da ke shan ruwa yana kumbura, wani injiniya Thomas Stanton ne ya bayyana ta a Kalifoniya a 1940, wannan ba ta cikin zanena, na dai ambata ne don in mutum ya ga bango duk ya yi raga-raga da tabo a bakin tsagar ya san iri ce daban.

Tawa babbar daga kusurwar taga za ta taso, kuma ba don kyau na zaɓi nan ba, kusurwa mai kaifi nan ƙarfi ke taruwa, shi ya sa in ka lura da gine-gine daga kusurwar ƙofa da taga tsaga ta fi tasowa, shi ya sa kuma tagar jirgin sama ba ta da kusurwa mai kaifi. Tun 1921 wani injiniya ɗan Ingila, Griffith, ya nuna da gilashi cewa 'yan ƙananan lahani da ido ba ya gani su ke sa abu ya karye tun bai kai ƙarfin da ya kamata ya ɗauka ba. Abin da wannan ke nufi ga mai zane shi ne tsaga tana da tushe tana da wutsiya, a tushen ta fi faɗi, a wutsiyar tana sirancewa har ta ɓace, ba ta ƙarewa da dungu.

13 ga Fabrairu

Na sauya inda haske zai fito. Kowa ya saba da sama ta hagu, to amma tsagata daga sama hagu take gangarowa zuwa ƙasa dama, in haske ya biyo ta tsawonta duka gaɓoɓin biyu za su samu haske iri ɗaya, zurfin ya mutu. Sai ya ƙetare ta. Don haka haske daga sama ta dama. Na ɗan ja kibiya a kan tef ɗin gefe don kar hannu ya koma abin da ya saba.

16 ga Fabrairu

Fatar kankaren. Wannan shi ne wajen da ke cin lokaci kuma ba wanda zai yaba, amma in bai yi ba tsagar za ta zama layi a kan farar takarda kawai.

Na goga 2B a sanfefa na tara garin, na ɗiba da auduga na shafe takardar duka sama-sama, ba daidai-wa-daida ba, wani waje ya fi wani duhu, don kankare bai taɓa zama launi ɗaya ba. Na bar wajen da farin tabo zai zauna, wato farin ɓawon da ruwa ke bari a bakin tsaga, ban taɓa shi ba sam. Daga nan na sa sanfefa mai kaushi a ƙarƙashin takardar na bi da gefen HB a kwance, ƙurajen suka fito da kansu, sai dai dole ka riƙa juya sanfefar kana matsar da ita, in ba haka ba tsari ɗaya zai ta maimaituwa ido kuma ya kama. Na jiƙa garin fensir da ɗan ruwa na fesa da buroshin haƙori, ɗigo-ɗigo ƙanana, sannan na murɗa kilina mai laushi ta yi tsini na riƙa dangwalawa ina ɗauke fari nan da can.

Sai shaidar katako. Kankaren da aka zuba cikin katako yana ɗaukar zanen jikin katakon, kuma inda allo biyu suka haɗu ruwan siminti na ɗan tsiyayowa ya bar siririn tudu a miƙe. Na sa guda a kwance ya ratsa takardar, kuma tunda tudu ne ba rami ba haskensa a sama yake inuwarsa a ƙasa.

19 ga Fabrairu

'Yan ramukan iska, waɗanda kumfa ke bari a jikin katako lokacin zubi. Kowanne rami ne ƙarami, to dokarsa ɗaya da ta tsagar, gefen da ke kusa da haske shi ne mai duhu, gefen da ke nesa shi ke kama haske. Wato a nawa duhun a sama dama, ɗan farin a ƙasa hagu. In ka juya su sai su koma ƙuraje masu tudu. Ba na rarraba su daidai, wani waje cunkus wani waje fayau, manya kaɗan ƙanana da yawa, kuma ba duka ne zagaye ba. Hannu ya gaji wallahi, amma takardar ta fara nauyi a ido.

23 ga Fabrairu

Yau aka shiga babbar tsagar.

Na fara da 2H a hankali, na riƙe fensirin can baya don kar hannu ya mallake shi da yawa, ina tafiya ina ɗan murza shi tsakanin yatsu. Hannun mutum na da wata ɗabi'a, in ka ce masa yi zigizag sai ya yi ta da awo ɗaya, hagu dama hagu dama duk tsawo ɗaya, kuma wannan ne ke tona asirin zane nan take. Ta gaske tana da alkibla guda da take bi, ta miƙe na ɗan lokaci, ta yi 'yar karkarwa, ta yi tsalle gefe, ta dawo kan hanyarta. Karkarwar nan ma ba banza ba ce, tsakuwa take kaucewa. A kankare na yau da kullum dutsen ya fi simintin da ke riƙe da shi ƙarfi, kuma wajen da ya fi rauni shi ne daidai inda siminti ya manne da dutse, to tsagar sai ta zagaye tsakuwar maimakon ta fasa ta, sai a kankare mai ƙarfi sosai ne take ratsa dutsen ta wuce. Don haka girman lanƙwasar ya kamata ya yi daidai da girman tsakuwar, na riƙa ɗiga alama inda nake ɗauka akwai dutse a ƙarƙashi ina kewaye shi.

Abu na biyu, layi biyu ne ba ɗaya ba, kuma dole su yi aure. Da can abu ɗaya ne ya rabu, in gaɓar hagu ta yi ƙoƙo to ta dama ta yi ƙozon da zai shige cikinsa daidai, in da za a matso su su haɗe ba rata. Inda ba su yi aure ba sai inda wani yanki ya ɓalle ya faɗi, irin wannan na sa su a wajen da tsagar ta yi lanƙwasa mai kaifi don nan baki ya fi sirancewa ya karye. A kusurwar tagar na ba ta faɗin milimita 4 haka, tana gangarowa tana tsukewa amma ba a jere ba, ta matse ta ɗan sake ta kuma matsewa.

Wajen tsakiya na katse ta na fara wata a ɗan gefe, wutsiyoyin biyu suka wuce juna kaɗan sannan kowacce ta lanƙwaso wajen 'yar'uwarta suka kusa rufe wani ɗan tsibiri a tsakani. Na ga wannan a hotuna da yawa da na ɗauka, kuma cikin duk abin da na zana yau shi ya fi kama da gaske.

26 ga Fabrairu

Baƙin ciki, ina nufin baƙin cikin tsagar. Gawayi na fara sawa kafin fensir, saboda dalili biyu. Fensir mai laushi irin 6B in ka danna shi sosai yana ƙyalli, ka karkata takardar ka ga wajen da ya kamata ya fi ko'ina duhu ya koma azurfa, a hoto ma haka, shi kuwa gawayi baƙinsa a mace yake ba ya mayar da haske. Na biyu, gawayi ba ya kama kan wajen da fensir ya riga ya yi santsi, zamewa yake, amma fensir na hawa kan gawayi lafiya lau.

Ban cika ta da baƙi daga sama har ƙasa ba. Baƙi wuluk sai a manne da gaɓar sama ta dama da kuma wuraren da suka fi faɗi, daga nan ya ɗan sassauto zuwa toka-toka a bangon ciki na ƙasa hagu inda haske ke leƙawa, wasu wuraren na bar su da toka mai haske kamar ƙura ta cike su, na sa 'yan tsakuwoyi biyu-uku da suka maƙale a ciki kowacce da ɗan haskenta a ka.

Sai farin baki. Na yanka kilina mai tauri da reza ta yi kaifi na bi gaɓar ƙasa hagu ina ɗauke siririn fari, a katse a katse, ba layi ɗaya zar ba, in ka ja shi ba katsewa sai ya zama kamar an zagaye da alli. Minti kaɗan ne aikin amma kafin shi da bayan shi kamar zane biyu ne daban, nan take tsagar ta nutse cikin takardar. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya da ke sa tsaga ta yi zurfi, ni wannan farin zan zaɓa ba baƙin ba.

1 ga Maris

Wutsiya da ƙananan rassa, da fensirin 0.3. Abin dariya, faɗin da ƙa'idojin gini da yawa ke yarda da shi ga tsaga a kankare mai rodi wajen milimita 0.3 ne, wato bakin fensirin nan daidai yake da tsagar da injiniya zai gani ya wuce. Wajen ƙarshe ina ɗaga hannu a hankali, layin ya koma ɗigo, ya ɓace, ya ɗan sake bayyana gaba kaɗan, ya tafi.

A nan kilina ta yi kauri da yawa, to biron da ba tawada ya yi amfani, na danna siririn layi a jikin takardar a gefen da farin zai zauna sannan na shafa fensir a kwance a kai, garin ya tsallake kwarin ya bar shi fari. Sai dai ba a goge wannan, in ka danna ka danna, don haka kaɗan na yi.

Rassa uku kawai na sa, duk sun shigo sun doki babbar a tsaye. Hannu na ta ƙaiƙayi in ƙara, na hana shi, fili mara tsaga shi ke sa mai tsagar ta yi magana.

6 ga Maris

Wajen rodin, kuma nan na fi jin daɗi. Sabon kankare yana kare ƙarfe daga tsatsa saboda sinadarinsa, amma da shekaru iskar da muke fitarwa tana shiga a hankali tana rage wannan kariyar, ko gishiri ya shiga, in ya kai ga rodin ga danshi sai tsatsa ta fara. Ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, ninki biyu ko fiye, to sai ta riƙa turo kankaren daga ciki, farko siririyar tsaga mai bin layin rodin, daga baya fatar ta ɗago ta faɗi. Saboda haka ramin ba zagaye ba ne, dogo ne yana bin rodin, ya fi zurfi a kan ƙarfen yana tasowa a kwance zuwa baki, kuma daga ƙarshensa sama da ƙasa na ci gaba da siririyar tsaga a miƙe don a gane rodin bai ƙare nan ba, yana ciki yana ci gaba da aikinsa.

Cikin ramin fatarsa daban da ta waje, babu shaidar katako babu santsi, tsakuwa ce tsirara, wasu a tsaye da tudunsu wasu kuma gurbinsu kawai ya rage inda dutsen ya tafi da ɓallen da ya faɗi. Kowacce da haskenta da inuwarta, tudu haske sama dama, gurbi haske ƙasa hagu, sai ka nutsu don suna gefen juna kai na iya juyewa. Rodin na yi masa 'yan tudun nan na jikinsa a karkace amma na cinye wasu, na siranta shi a tsakiya, na yi masa ɓawo-ɓawo da 6B da gawayi. Tunda ba launi, tsatsar da duhu da kaushi kawai za a gane ta, sai tabon da ta zubar, na ja shi da auduga daga ƙasan ramin ya gangara a tsaye yana dusashewa. A tsaye fa, ko tsagar ta karkace ruwa ba ruwansa, ƙasa ya nufa.

10 ga Maris

Farin tabo. In ruwa na bi ta cikin tsaga yana narko da wani sinadari na farar ƙasa daga simintin, ya fito fili ya haɗu da iska ya bushe ya bar farin ɓawo a baki da ƙasan tsagar. Wajen da na bari tun farko ban shafa ba shi ne wannan, yanzu gefensa kawai na tausasa na ɗan duhunta kankaren da ke kewaye da shi kamar danshi, farin ya ƙara fitowa ba tare da na sa wani farin abu ba.

Na ɗauki hoto na ƙanƙanta shi a waya, na kuma duba a madubi. Tsagar da ramin sun zauna. Kusurwar tagar ce har yanzu ta yi tsabta da yawa, kaifinta kamar jiya aka kwance katako, ga shi daga nan komai ya taso, tana buƙatar ɓantare da datti. Ɓangaren sama ta dama ma fatar ta yi laushi in aka gwada da ƙasa.

12 ga Maris

Na farfasa bakin tagar na sa inuwar cikinta da gawayi, ya fi. Saura in ƙara kaushi a sama dama, sannan ina tunanin sa 'yar raga ta ƙananan tsage-tsage marasa zurfi a wani lungu, irin waɗanda ba a gani sosai sai bango ya jiƙe ya fara bushewa, da 2H kawai ba farin baki, amma zan gwada a wata takarda tukuna in ga ko za ta janye ido daga babbar. Feshin da ke riƙe gari sai ƙarshe, a yi shi sama-sama daga nesa, don yana ɗan duhunta toka kuma bayan shi kilina ba ta ɗaukar komai, to duk wani fari da nake so sai na gama fitar da shi kafin nan. Gobe sama dama in sha Allah.